Jiƙo, Tafasawa da Man Kaɗanya: Muhawarar Masu Haɗa Kayan Gyaran Fata a Kumasi

Zuwaira, Aboabo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da niyyar fara haɗa man shafawa a gida kafin hunturu ya kankama, domin ni da yarana, sannan in sayar wa maƙwabta idan Allah Ya sa ya yi kyau. Na riga na tanadi man kaɗanya da aka kawo mini daga Tamale, da ganyen darbejiya, da zoɓo, da bagaruwa, da kurkum. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake fitar da amfanin waɗannan kaya, domin wata ta ce mini a zuba su duka a tukunya ɗaya a dafa har ruwan ya yi duhu, wata kuma ta ce wuta tana kashe ƙarfin ganye, jiƙawa kawai ake yi. Wanne ne daidai? Idan kuma na sami ruwan, yaya zan shigar da shi cikin man kaɗanyar har ya zauna?

Hajiya Rabi, Asawase:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kowacce daga cikin matan nan tana da gaskiyarta, sai dai ba ta kai miki maganar ƙarshe ba. Ba a haɗa ganye da sassaƙe a tukunya ɗaya, domin kafin sassaƙe ya saki abin da ke cikinsa ganye ya riga ya salance. Abu mai laushi, kamar fure da ganye mai ƙamshi irin su ɗoɗɗoya da na'a-na'a, jiƙa shi ake yi. A tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba a kan ganyen, a rufe ruf na minti 15 zuwa 20. Idan kika ɗaga murfin za ki ga ruwa ya taru ɗigo-ɗigo a cikinsa yana ƙamshi, to ki karkaɗe shi ya koma cikin kwanon, domin man ganyen ke nan da ya bi tururi, kuma shi ne yake tafiya a banza idan aka bar kwano a buɗe. Zoɓo ma jiƙawa ta ishe shi, kamar yadda masu sobolo, wato ruwan zoɓo na sha, suka sani.

Abu mai tauri kuwa, irin bagaruwa da sassaƙen maɗaci da saiwa da busasshiyar citta, sai an daddaka shi, a sa shi a ruwan sanyi tun farko, a ɗora a wuta. Idan ya tafasa a rage garwashi, a bar shi yana dahuwa a hankali na minti 30 zuwa 45. Darbejiya tana tsakani, ganyenta yana da ɗan ƙarfi, minti 10 a kan wuta marar zafi ya wadatar. Kuma ki kiyayi tukunyar baƙin ƙarfe idan za ki dafa bagaruwa, domin ruwan zai koma baƙi ƙirin kamar tawada. Tukunyar ƙasa ko ta silba marar tsatsa ita ce ta wannan aiki.

Malama Sadiya, Sawaba:
Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya saka da alheri. Abin da zan ƙara shi ne awo, domin cikin hannun wata ba ɗaya yake da na wata ba, kuma mai sayarwa tana bukatar haɗinta na yau ya yi daidai da na gobe. Ruwan leda ɗaya da muke sha milimita 500 ne, saboda haka ya zama mana ma'auni mai sauƙi. Ga jiƙo, kimanin giram 30 na busasshen ganye a ruwan leda ɗaya. Ga dafawa, giram 30 na sassaƙe a leda ɗaya da rabi, a dafa har ya tsotse ya koma kamar leda ɗaya. Idan ɗanyen ganye ne sai a ninka, domin mafi yawan nauyinsa ruwa ne. Baƙin da Hajiya ta ambata kuwa yana fitowa ne daga haɗuwar ƙarfe da sinadarin da ke sa bagaruwa bauri, wanda shi ne majema suke nema a cikinta, kuma shi ne yake ɗame fata idan an wanke jiki da ruwanta.

Anti Fati, Tafo:
Ni tambayar Zuwaira ta biyu ce ta fi damuna, domin a nan ne mutane suke asarar jari. Ƙanwata, ruwa ba ya zama a cikin man kaɗanya. Idan kin buga su da ƙarfi za ki ga kamar sun haɗu, ya yi fari ya yi laushi, amma da ya ɗan kwana a ɗaki mai zafi sai ki ga ruwa yana tsattsafowa a gefen roba. Bayan haka kuma sai ɗige-ɗigen fumfuna su bayyana a ƙarƙashin murfi, wasu kore wasu baƙi. Masu kamfani suna da wani kaki na musamman da ke ɗaure ruwa da mai, ana samunsa a shagunan masu sayar da kayan haɗa sabulu, amma shi ma haɗawa kawai yake yi, ba ya hana lalacewa.

Malam Bashiru, Alabar:
Anti Fati, ina da ja a kan wannan magana. Ruwan da ya yi rabin sa'a yana tafasa, wace ƙwayar cuta ce za ta rage a cikinsa? Balle ruwan darbejiya, wanda ko ƙwari ba sa kusantarsa, shi ya sa ake sa ganyenta a cikin buhun wake. Na daɗe ina sayar da itatuwa, kuma a ganina idan aka dafa ruwan da kyau aka zuba a kwalba mai tsabta, ɗacinsa kaɗai ya isa ya tsare shi.

Malama Sadiya, Sawaba:
Malam Bashiru, da girmamawa, a nan ne nake ganin ya kamata mu tsaya mu fahimci juna, domin lafiyar mutane ce a hannunmu. Gaskiya ne tafasawa tana kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta masu rai, amma akwai waɗanda suke shiga wani ƙoƙo mai tauri idan sun ji wuya, su jure zafin tafasa, sannan su farfaɗo idan ruwa ya huce. Irin waɗannan a ƙasa suke zama, saboda haka sun fi yawa a jikin saiwa da sassaƙe. Ko da a ce babu ko ɗaya da ta tsira, daga lokacin da aka sauke tukunya sababbi suke shiga, ta iska, ta ƙyallen tata, ta cokali, ta yatsan da za a riƙa tsomawa a roba safe da yamma. Ruwan da aka dafa ganye a cikinsa kuma ba ruwa ne zalla ba, yana ɗauke da zaƙi da sauran abubuwan da ƙwayoyin cuta suke ci. Miyar da aka dafa da kyau jiya, idan ta kwana a buɗe a zafin Kumasi, kowa ya san yadda take wayar gari, alhali ita ma ta sha wuta.

Game da darbejiya, korar ƙwari daban, tsare ruwa daga fumfuna na tsawon wata daban. Tana da ƙarfi a kan wasu ƙwayoyin cuta, ban musa ba, amma ba dukansu ba, kuma ƙarfin yana raguwa da zarar an sirka ta da wasu abubuwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lalacewar tana farawa tun ido bai gani ba, hanci bai ji ba. Mai faso a ƙafa, ko yaro mai ƙuraje da ya sosa, ko wadda ta shafa kusa da ido, su ne suke fara kwasar cutar. Saboda haka ruwan jiƙo ko dafaffe, idan a waje yake, a yi amfani da shi a ranar. A firji kwana biyu zuwa uku. Wadda take son ya daɗe ta zuba shi a mazubin ƙanƙara ya daskare, ta riƙa ciro ɗaya-ɗaya, muddin wutar lantarki ba ta yanke har ya narke ya sake daskarewa ba.

Hajiya Rabi, Asawase:
Malama, ilmin boko yana da ranarsa, amma da tsohuwar zuma ake magani. Kakanninmu da suka zo ƙasar Asante fataucin goro ba su san firji ba, ba su san sinadarin kanti ba, kuma da waɗannan itatuwa suka yi wankan jego suka reni 'ya'yansu fata sumul. Ba na jin daɗin yadda ake nuna kamar sai an zuba wani abu daga kwalbar Turawa sannan kayanmu za su zama lafiyayyu.

Ayisha, Nima:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma, ina neman izini in sa baki daga nan Accra. Ina ganin maganarki da ta Malama ba su saɓa ba idan muka tuna yadda iyayen namu suke aikin. Na tashi na ga kakata tana dafa wa masu jego ganye, kuma kullum da asuba ake ɗora sabuwar tukunya, abin da ya rage bayan wanka zubarwa ake yi. Man kaɗanyarta yana cikin ƙwarya a gefe guda, ba ta taɓa zuba masa ruwa ba. Mai jego ta yi wanka da ruwan ganye, jiki ya tsane, sannan ta shafa mai. Mu ne muka zo da sabon abu, wato haɗa biyun a roba ɗaya a ajiye a shago wata uku ana jiran mai saye. Tunda mun canja aikin, dole hukuncinsa ya canja.

Hajiya Rabi, Asawase:
Wannan gaskiya ne, Ayisha, haka muka gani muka kuma yi. Amma ni har yanzu ba zan sa wa kayana sinadarin hana lalacewa ba, domin masu saye a wurina sun zo ne saboda sun gaji da irin waɗannan. Hanyar da nake bi ita ce in kawar da ruwan gaba ɗaya, in jiƙa ganyen a cikin mai. Zuwaira, ki saurara da kyau. Ki sami busasshen ganye ƙayau, wanda idan kin murza shi a tafin hannu zai zama gari. Ki zuba shi a busasshiyar kwalba har rabi, ki cika da man kwakwa ko man zaitun har ya rufe ganyen, kada ko ɗaya ya leƙo sama. Ki rufe, ki ajiye inda rana ba ta dukansa, kina girgizawa lokaci-lokaci, har mako huɗu zuwa shida, sannan ki tace da ƙyalle.

Idan kina sauri, ko kuma man kaɗanyar kanta kike son ta ɗauki ganyen, ki ɗora tukunyar ruwa a wuta, ki sa kwano a kanta, man ya narke da zafin tururi, ki zuba ganyen ya yi sa'a biyu zuwa uku. Kada man ya yi zafin da zai fara soya ganyen. Idan kin ji ƙauri ko kin ga ganye yana ƙyas-ƙyas, to aikin ya ɓaci. Bayan kin tace ki sanyaya shi da wuri, domin man kaɗanya idan ya huce a hankali yakan yi tsaki-tsaki a hannu. Kurkum ɗinki ma a nan ne gurbinsa, a mai yake sakin launinsa sosai, amma kaɗan za ki sa, in ba haka ba zai rina miki fararen kaya da matashin kai.

Malam Bashiru, Alabar:
Na karɓi bayanin Malama a kan ruwa, ko da yake zan so wata rana a gwada ruwan darbejiya mai kauri a ɗakin bincike mu ga kwana nawa yake kaiwa. A kan bushewa kuwa ina da abin cewa, domin nan ne sana'ata. Kumasi garin laima ne, damina biyu muke yi, kuma daga Afrilu zuwa Yuli ganye yakan yi baƙi a kan tabarma tun bai bushe ba. Wanda ya bushe rabi da rabi ya fi ɗanye hatsari a cikin mai, domin mai shi ya ɗauka babu ruwa a jikinsa. Lokacin shanya a nan shi ne hunturu, a inuwa, a kan buhu ko faranti mai ramuka, ba a ƙasa ba. Kuma don Allah a daina tsinkar darbejiyar bakin titi da ta bakin kwata, haka nan ganyen da ya fito a gefen gonar koko, domin ana yi wa koko feshin magani.

Malama Sadiya, Sawaba:
Hanyar Hajiya ita ce mafi aminci ga mai farawa, ni ma ita nake ba da shawara. Sai dai kada a ɗauka mai yana fitar da duk abin da ruwa yake fitarwa. Jan zoɓo da tsaminsa a ruwa suke narkewa, idan kin jiƙa shi a mai wata guda man zai fito kusan yadda ya shiga. Baurin bagaruwa ma haka. Saboda haka a cikin kayan Zuwaira, kurkum da darbejiya za su iya shiga mai, zoɓo da bagaruwa kuwa na ruwa ne, a yi su sabo a wanke jiki da su. Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu, cewa man bitamin E yana tsare haɗi. Abin da yake yi shi ne jinkirta canjawar warin mai, ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Zuma ma tana tsare kanta ne saboda ƙarancin ruwan da ke cikinta, da an sirka ta wannan kariya ta tafi.

Wadda ta dage sai ta yi mai mai ruwa-ruwa na sayarwa, babu makawa sai ta sa sinadarin hana lalacewa, kuma da sikeli mai auna giram, bisa adadin da masu yin sa suka rubuta, ba da ƙiyasin ido ba.

Ayisha, Nima:
Ni mafitar da na samu ga kayan ruwa ita ce in sayar da su a bushe. Ina niƙa zoɓo ko bagaruwa ko ganyen gwaiba, in ƙulla a ƙananan leda, kowace ta yi amfani ɗaya, in rubuta a jiki yadda za a jiƙa ko a dafa, da gargaɗin cewa kada a ajiye ruwan ya wuce ranar. Masu saye sun karɓe shi hannu bibbiyu, domin suna ganin abin da suka biya da idonsu. Iskar teku ta nan Accra tana saurin sa gari ya dunƙule, saboda haka nake ajiye ƙullin a cikin bokiti mai murfi.

Anti Fati, Tafo:
To ina matsayin sabulun salo a wannan hukunci? Mu masu narka alata samina, kamar yadda ake kiran sabulun a nan, da ruwan ganye muna ganin yana daɗewa bai yi komai ba. Na kuma lura idan aka zuba masa ruwan zoɓo jan yana ɓacewa nan take, ya koma wani launi mai duhu kamar kore. Wasu kuma suna matsa lemun tsami a ciki don ya haska fata.

Malama Sadiya, Sawaba:
Anti Fati, sabulun salo da tokar ɓawon koko ko ta ɓawon ayaba ake yin sa, saboda haka yana da kaifi irin na kanwa, a ma'aunin pH, wato na tsami da kaifi, yakan kai 9 zuwa 10, alhali fatar mutum tana wajen 5. Wannan kaifin ne yake hana yawancin ƙwayoyin cuta sakewa, shi ne kuma yake juya launin zoɓo. Amma kariyar tana raguwa gwargwadon yawan ruwan da aka ƙara, musamman idan an haɗa da zuma ko madara, don haka wanda aka bari da kauri ya fi na ruwa tsalala aminci. A sani kuma sinadaran hana lalacewa irin su sodiyam benzowet sai a wuri mai tsami suke aiki, zuba su a sabulu asarar kuɗi ce.

Lemun tsami kuwa ina roƙon a bar shi. A cikin sabulu yana karya sabulun ne, ya rage masa kumfa. A kan fata kuma, musamman ruwan ɓawonsa, idan rana ta doke shi yana iya ƙona wurin ya bar baƙin tabo na watanni, wato akasin abin da ake nema. Kanumfari ma da ake yayin jiƙawa yanzu yana da zafi, idan ya yi yawa yana sa ƙaiƙayi da ja. Duk sabon haɗi a fara shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu, a jira kwana ɗaya zuwa biyu, kuma jarirai a bar su da man kaɗanya zalla.

Zuwaira, Aboabo:
Na gode ƙwarai, iyayena. Na fahimci zan raba kayan gida biyu, na mai da na ruwa. Abin da ya rage mini shi ne batun hukuma. Idan maƙwabta kawai nake sayar wa, akwai abin da doka ta ɗora mini?

Malama Sadiya, Sawaba:
Akwai, ƙanwata. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta sa kayan kwalliya a ƙarƙashin hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Ghana, kuma abin da za a sayar wa jama'a ana bukatar a yi masa rajista. Suna da ofishi a nan Kumasi, gara ki je ki ji sharuɗɗan masu ƙaramin jari daga bakinsu tun kafin ki buga takardar liƙawa. Ki lura da abin da za ki rubuta a jikin roba, domin da kin ce yana warkar da makero ko ƙyasbi kin fita daga kayan shafa kin shiga magani, shi kuma hukuncinsa ya fi tsauri. Ki rubuta abubuwan da ke ciki duka da ranar da kika haɗa. Tun 2016 hukumar ta hana kayan shafa masu sinadarin bilicin na haidurokwinon, amma har yau akwai masu ɓoye man bilicin a cikin man kaɗanya su ce na gargajiya ne, kuma su ne suke jawo wa masu gaskiya zargi. Malam Bashiru, gwajin da kake so ba abu ne mai nisa ba, akwai Cibiyar Binciken Magungunan Itatuwa a Mampong ta Akuapem tun 1975, ga kuma KNUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, da ke koyar da ilmin magungunan itatuwa a nan kusa da mu.

Malam Bashiru, Alabar:
Madalla, Malama. Idan mutane biyar ko shida a zauren nan za su haɗa kuɗin gwajin, ni zan dafa ruwan da hannuna, mu kai kashi biyu, na waje da na firji. Zuwaira, kafin ki zuba ganyen da ke hannunki a mai, ki karya sandar ganye ɗaya ki gani. Idan ta karye ƙas ta bushe, idan ta lanƙwashe ki mayar da shi inuwa ya ƙara kwanaki. Bagaruwar kuma ki fasa kaɗan ki duba cikinta, idan kin ga gari ko ramukan ƙwari ki kawo mini a kasuwa in canja miki da sabuwa idan kayan arewa sun iso.